Harsashin da Aka Ciro a Jikin Inna

A ƙauyenmu, can gaba da Mabai, in gardamar bindiga ta tashi Baba ake kira ya raba. Tsohon maharbi ne, tun ana samun barewa da gada a bayan gari yake shiga daji. Shi ke narka dalmar tsohon batir ya zuba harsashinshi da hannunshi, ko ya sa maƙeri ya yayyanka mashi rodi guntu-guntu. Ya san inda kowane ɗuri ke kaiwa. Yakan ce daga tsamiyar bakin gari zuwa rafi, nan ƙarfin harsashi ke ƙarewa, wanda ya tsallake rafi sai dai ƙara ta firgita shi. Ba wanda ya taɓa musa mashi, har ni da kowa ya sani da bakin tsiya.

Ni ce ɗiyarshi ta fari, ina aure a Ƙanƙara. Ina kuma da ƙane wanda ba Inna ta haifa ba. Ɗan maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Uwarshi ta rasu yana jinjiri, lokacin Inna na goyona, sai ta haɗa mu ta shayar. 'Yan makonni na ba shi, amma ban taɓa bari ya manta ba, dole ya ce mani Yaya ko mu kwana muna dambe. Ya girma ya yi aure ya tara 'ya'ya, bai daina shigowa gidanmu ya buɗe tukunyar Inna ba sallama ba. Da ɓarayin daji suka matsa wa yankinmu, samari suka fara gadin gari, ya shiga cikinsu da bindigar toka wadda Baba ne da kanshi ya koya mashi ɗura ta.

Da kaka ne na je ganin gida. Hantsi ya ɗaga, Inna na tsakar gida tana shanyar barkono a tabarma, ni ina bakin murhu, sai muka ji harbi daga dutsen da ke yamma da gari. Ɓarayi ne suka kora shanun mutane, suna harbi baya don kada a bi su. Dutsen nan da nisa yake, in mutum ya tsaya a kanshi ba ka gane ko namiji ne ko mace. Na miƙe na ce, "Inna, mu shige ɗaki." Baba na zaune a ƙofar turakarshi yana gyaran igiya, ko kai bai ɗaga ba.

"Ku yi aikinku," ya ce. "Harsashi ba tsuntsu ba ne. Daga can ko rafi ba zai kawo ba."

Inna ta yi mani dariya, ta ce zaman birni ya maida ni farar kura. Ta ci gaba da baza barkononta. Can sai muka ji ƙarar bindigar toka a bayan katangarmu, ƙanen nan nawa ne ya harba sama don ɓarayi su san da mutane a gari. Hayaƙin bai gama bajewa ba na ga Inna ta zauna daɓas a kan tabarma, ta dafe kafaɗa. Na ɗauka ƙarar ce ta razana ta, har na buɗe baki zan rama tsiyar da ta yi mani. Sai na ga jini yana bin hannunta. Na ƙwala ihu, shi ne ya fara tsallako katanga, ya tallabe ta yana "Inna! Inna!" A cinyarshi ta cika, da kalmar shahada a bakinta.

Ba na son in tsaya a nan. Uwata ce, kuma tana dariya mintin da ya wuce.

Kafin azahar gari ya gama yanke hukunci: bindigar yaron ce ta kuskure. Abin mamaki, wannan bai tayar da hankalin kowa ba. An ce ƙaddara ce, bindigar toka ba ta da amana. Baba da kanshi ya dafa kanshi ya ce, "Tashi, kwananta ne ya ƙare." Shi kau rantsuwa yake yana kuka cewa sama ya harba, bakin bindigar ko gidanmu bai kalla ba. Mutane suka ɗauka ruɗewa ce.

Mu uku muka shiga wanka, ni da Gwaggo ƙanwar Baba da wata tsohuwa da ke wa matan garinmu wankan gawa. Raunin ɗan ƙarami ne, a sama tsakanin wuya da kafaɗa. Da muka juya ta, tsohuwar ta taɓa wani kumburi can ƙasan haƙarƙari ta baya, fatar wurin ta ɗan tsage. Ta danna a hankali, abu ya faɗo cikin ƙwarya ya yi ƙara. Gwaggo ta ɗauraye shi. Dogo ne siriri, launin jan ƙarfe, kanshi da tsini, gindinshi kuma a tsuke. Ko ni da ban taɓa riƙe bindiga ba na san wannan ba guntun rodi ba ne, ba kuma dalmar batir ba.

Ka'ida ita ce abin da aka gani a wurin wanka a wurin ake barinshi. Tsohuwar ma ta faɗa. Amma Gwaggo ta ƙulle shi a haɓar zanenta ta ce, "Wannan zai wanke marayan Allah, ba zan bar shi ya rayu yana ganin shi ya kashe uwarshi ba." Wallahi da kyakkyawar niyya ta yi. Da maza suka dawo daga maƙabarta ta kira Baba zaure ta damƙa mashi a gaban dattawa.

Ina bayan ƙofa ina ji. Baba ya daɗe yana juya abin a tafin hannunshi. Ya ce, "Wannan ba na toka ba ne. Na bindigar ɓarayi ne." Gwaggo ta ce alhamdulillahi, to ka gani. Sai Baba ya ce, "Na gani. Amma daga dutse bai zo ba. Ba harsashin da zai taso daga dutse ya faɗo gidana. Wanda ya harba wannan yana kusa." Wani dattijo ya tambaya, to wa ke kusa? Kowa kuwa ya san mutum ɗaya ne a bayan katanga.

Kai, ban taɓa ganin magana ta yi gudu irin na ranar ba. Kafin la'asar ta zaga wurin zaman makoki ta dawo da 'ya'ya. An ce ƙanena yana da bindigar ɓarayi a ɓoye. An ce dama ta toka ta rufa-ido ce. An ce shi ke gaya masu inda shanu ke kiwo, ai da ɗan gari akan ci gari. Wata da Inna ta sha ba ta tsaba a lokacin yunwa har da cewa dama ta lura ya sayi sabon takalmi. A yankinmu yanzu in aka kira mutum infoma, gara a ce mashi kuturu. Mun ga waɗanda aka fita da su bayan gari kan abin da bai kai wannan ba, ba su dawo ba.

Washegari abokan gadinshi, waɗanda suke kwana tare a bakin gari, suka zo suka tafi da shi. Suka kulle shi a wani tsohon shagon hatsi, suka ce ya fito da bindigar. Suka haƙe ɗakinshi, suka zazzage rumbunshi, suka zura gora a rijiya. Ba su ga komai ba, sai suka ce ai ya iya ɓoyo. Mai unguwa ya roƙe su su dakata har a yi sadakar uku, don kada a haɗa wa gida ɗaya makoki biyu. Suka yarda da dakatawar, amma ba su ce za su daina tambaya ba, kuma kowa ya san da me suke tambaya. Matar ƙanena ta shigo gidanmu da goyo ta zube a gabana.

Na shiga wurin Baba ba sallama. Na ce, "Baba, yaron da ka goya a wuyanka? Wanda ya sha nonon matarka?" Idanunshi sun yi ja, bai runtsa ba tun jiya.

"Ke kina ganin daɗi nake ji?" ya ce. "Na fi ki son a ce ƙarya ne. Amma shekaruna nawa da bindiga? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Na ce, "To babban ya hango mani dalilin da zai sa ya harbi Inna." Ya ce ƙila ba da gangan ba, ƙila hannunshi ne ya kuɓuce, amma bindigar dai tana wurinshi. Na ce ya ba ni harsashin. Ya ce in yi me da shi? Na ce a jikin uwata aka ciro shi, ina da gado a ciki. Ban taɓa yi wa Baba magana haka ba. Ya kalle ni, ya zaro shi daga aljihu ya ajiye a tabarma.

Abin da ya faɗo mani a rai shi ne kawun maigidana. Tsohon soja ne, ya yi ritaya yana sayar da dusa da harawa a Ƙanƙara. Mutum ne mai surutu, in ya fara labarin soja yara ma gudu suke. Ni kaina na sha laɓewa in na hango shi. Ranar kau na hau ɗan acaɓa da hijabin makoki, mata na ce mani ɗiyar mamaciya ba ta fita, na ce su riƙe mani zaman in dawo.

Na same shi a rumfarshi. Ya fara yi mani gaisuwa, na katse shi na buɗe hannuna. Na gaya mashi komai, inda Inna take tsaye, inda dutse yake, inda abin ya shiga da inda muka same shi. Wannan karon Kawu bai tsaya surutu ba. Ya shiga shago ya fito da wani tsohon gwangwani, ya zazzage tarkace, ya zaɓo wani harsashi da ya tsinta tun yana aiki. Ya jera shi kusa da nawa a kan benci.

"Dubi gindinsu, 'yata," ya ce. "Kansu duk tsini ne, ba a nan bambancin yake ba."

Na duba. Nashi gindin a yanke yake, shafe kamar an sare da wuƙa. Nawa kuwa ya tafi yana tsukewa, kamar bayan kwale-kwalen masunta na dam ɗin Mairuwa. Na ce na gani, sai me? Ya sa aka kawo mashi ruwa a baho, ya barbaɗa dusa a kai. Ya karya totuwar masara ya ja ta cikin ruwan. Dusar ta riƙa murɗawa a bayanta, tana taruwa tana binta. Ya karɓi kuɓewa ɗaya wurin mai kayan miya na gefenshi, ya ja ta, siririn gefen yana baya. Ruwan ya buɗe ya rufe salin-alin, dusar ko motsin kirki ba ta yi ba.

Ya ce iska ma haka take. Harsashi in yana gudu, iskar da ya tsaga sai ta koma ta haɗe a bayanshi. Mai gindi a yanke yana barin rami a baya, ramin nan yana janshi, kowane taku yana rage mashi gudu. Mai tsukakken gindi kuwa iska na zamewa ta rufe a hankali, janta kaɗan ne, sai ya daɗe bai gaji ba. Ya ce masu ƙera su har lamba suke ba kowane iri gwargwadon yadda yake ratsa iska, kuma in kaurinsu da nauyinsu ɗaya, mai tsukakken gindi ke da babbar lamba. A kusa ba ka ganin bambanci, wasu maharban ma sun fi son mai gindi a yanke in abin harbin na kusa ne. Sai tafiya ta yi tafiya, ɗaya ya fara sunkuyawa ƙasa iska na kaɗa shi, ɗayan yana nan yana tafiya.

"Babanki bai yi ƙarya ba," in ji shi. "Guntun rodi gaba a yanke baya a yanke, ga albarushin gida, ai ko rafin ma ya yi ƙoƙari. Amma bindigar mutanen nan wata aba ce daban. Ko wannan nawa aka harbo daga dutsen zai iya shigowa gari, balle naki da aka ƙera shi don nisa."

Na ce, "Kawu, ba ni za ka gaya wa ba. Tashi." Ya ce rumfa fa? Na ce in rumfa ta fi ran mutum ya zauna. Ya kalle ni ya ce dama an ce maigidana na haƙuri, yau ya yarda. Ya rufe shago ya tada babur ɗinshi.

Mun iso gari rana ta karkata. Na wuce ta gaban shagon hatsin, samari na zaune a ƙofa da sanduna, ban ji motsin kowa a ciki ba. Ban tsaya ba. Kawu ya yi wa Baba gaisuwa a zaure yadda ya kamata, sannan ya fito da harsasan nan biyu. Ya sa na kawo ruwa da dusa, ya maimaita duk abin da ya nuna mani, dattawa na leƙe. Baba ya kalla har ƙarshe, ya ce, "Malam, na gode. Amma wannan ruwa ne da kuɓewa. Ni bindiga na sani."

Raina ya ɓaci har na ji zan fasa bahon. Kawu ya ɗaga mani hannu. Ya gyara zama ya ce, "Alhaji, to mu bar ruwa. Kai maharbi ne. In ka harbi barewa tana kusa da kai, ina kake samun harsashin?" Baba ya ce ba a samu, fita yake ta ɗaya gefen. "In kuma ta yi nisa, ka same ta da ƙyar?" Baba ya ce nan ne in ana fiɗa ake tsintarshi a ƙarƙashin fata, ya gaji ya kasa fita. Kawu ya juyo wurina ya ce in gaya wa Baba inda muka same shi.

Ban so ba, jikin uwata ne, ga maza. Amma na faɗa. Na nuna a jikina inda ya shiga, nan sama kusa da wuya, na nuna inda ya tsaya, can ƙasa ta baya, fata kawai ta riƙe shi. Kawu ya ce, "Daga sama ya sauko, Alhaji, kuma a gajiye. Irin wannan in daga bayan katangarka aka harba shi, da ya ratsa ta ya ratsa bangon ɗaki. Wannan ya sha tafiya kafin ya iso."

Na ga lokacin da maganar ta shiga Baba. Ya ɗauki harsashin ya kai kusa da idonshi, ya shafa gindin da babban yatsa. Ya tashi ya fita ƙofar gida, muka bi shi, ya tsaya yana kallon dutsen. Ya ce, a hankali, ba da kowa yake ba, "Ta ce za ta shiga ɗaki ne?" Na ce a'a Baba, ni ce na ce. Ya ce, "Ni na ce ta zauna." Sai ya durƙushe a wurin. Tunda nake ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar, kuma da na san haka yake da ciwo da ban roƙi ganinshi ba.

Amma bai daɗe a durƙushe ba, wannan kam zan shaide shi. Ya miƙe ko takalmi bai sa ba ya nufi masallaci, ana shirin la'asar. Da aka sallame ya tashi a gaban jama'a ya ce shi ya yi kuskure, harsashin daga dutse ya zo, yaron nan ba shi da laifi, duk wanda ya ji maganarshi ta farko ya zubar da ita. Daga nan ya wuce shagon hatsi da mai unguwa, ya ce a buɗe.

An buɗe. Sai da mutum biyu suka riƙo shi. Fuskar ta kumbura har ido ɗaya ya rufe, hannun dama kuma yana lilo, an karya shi a wuri biyu. Baba ya matsa zai taɓa shi, ƙanena ya ɗan ja baya kaɗan, ba da fushi ba, irin na wanda jikinshi ya saba da jiran duka. Na kwance ɗankwalina na ɗaure mashi hannun. Ya ce, "Yaya, an yi sadakar Inna?" Na ce sai gobe. Ya ce to alhamdulillahi bai rasa ba.

Na ɗauka shi ke nan. Wauta ta! Magana zarar bunu ce. Washegari a wurin sadaka ƙanena ya zo ya zauna da hannu a ɗaure, tabarmar da ya zauna sai ta zama tashi shi kaɗai. Aka fara cewa tsufa ne da tausayi suka kama Baba. Aka ce 'yarshi ce mai bakin nan ta ɗauko wani soja ya zo ya yi masu wasa da kuɓewa. Aka ce ruwa ba ya tsami banza. Waɗanda suka dake shi su suka fi kowa riƙe zancen, don in ya tabbata ba shi da laifi, su me suka zama? Mutanen da shekara da shekaru in Baba ya ce fari ba mai cewa baƙi, ranar da ya ce ya yi kuskure ranar suka daina yarda da shi.

Baba ya bi gida-gida. Ya ɗauki harsasan nan biyu, don Kawu ya bar mashi nashi, yana nuna wa duk wanda ya tsaya. Ya je majalisar masu shayi, ya je wurin mahauta, tsoho da shi yana roƙon yara su dubi gindin harsashi. Suna cewa "to Baba, Allah ya kyauta," suna kauda kai. A rijiya mata suka daina karɓar gugan matar ƙanena. Aka hana yara wasa da 'ya'yanshi. Duk sanda aka kora shanu a wani ƙauye, sai an zo an leƙa ko yana gida. Hannun ya ɗoru a karkace, ko fartanya ba ya iya riƙewa da kyau. Na zage wanda zan zaga, na yi faɗa har muryata ta dishe, ban canza ko mutum ɗaya ba.

Kafin damina ta faɗi ƙanena ya sayar da gonarshi. Dangin matarshi na wajen Sabuwa, suka ce ya zo. Na taho daga Ƙanƙara ranar da za su tashi. Motar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, ba maƙwabci ɗaya da ya fito taya su lodi. Baba ne ya fito. Shi ya ɗauki turmi, shi ya ɗauki ƙafafun gado, ya kinkimi buhun dawa yana tangaɗi, in an ce ya bari sai ya yi kamar bai ji ba. Da aka gama ya tsaya a gaban ƙanena ya ce, "Ka yafe mani." Ƙanena ya durƙusa har ƙasa yadda ya saba ya ce, "Na yafe, Baba, duniya da lahira." Baba ya juya ya shige gida da sauri.

Na raka ƙanena har bakin mota. Ina kuka ina masifa, ina cewa ya zauna mu ga wanda zai gaji, ai garin ba na uban kowa ba ne. Ya yi ɗan murmushi da gefen bakin da ya warke.

"Yaya, ba dukan ne ya kore ni ba," ya ce. "Ran da suka zo tafiya da ni, ta ƙofar gidanku muka bi. Baba na zaune a dakali. Na kira shi, ya sunkuyar da kai. Na yafe mashi, Allah ya sani. Amma in na rufe ido abin nake gani."

Ya sa ƙafa ɗaya a mota, sannan ya juyo.

"Alfarma ɗaya nake roƙo. Ran da Baba ya rasu, kada ki aiko mani. Ba na so in ji, in ƙi zuwa."

Na ce haba, wace irin magana ce wannan. Ya ce in dai yi mashi alkawari. Direba na ta danna ham, yara na kuka a bayan mota. Na yi mashi.

Baba ya rasu bara, bayan an gama girbi, jinyar ba ta yi tsawo ba. Mutane sun zo daga Faskari, daga Tafoki, har daga Funtuwa, zaure ya cika ya batse. Gwaggo ta jawo ni gefe ta ce ga wani zai bi ta Sabuwa, a ba shi saƙo. Na ce mata a bari. Ta ce ɗan gida ne fa, nono ɗaya kuka sha. Na ce na sani, Gwaggo, shi ya sa. Mutumin ya tada babur ɗinshi ya tafi, ni kuma na koma ciki na ci gaba da karɓar gaisuwa.